Koren Kaskon da Ba a Huda Ba

Malam Isyaku ba mafaɗaci ba ne, amma a kan abu uku ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ba a cin goro a ɗakin haɗa ruwan sheƙi, wanda ake shafa wa kayan yumɓu kafin a gasa. Ba a share ɗakin da tsintsiya, sai dai a yayyafa ruwa a goge da tsumma. Na uku kuwa, duk kaskon da za a shafa wa koren ruwa, sai an huda gindinsa tun yumɓun yana ɗanye.

Shekararsa biyar yana riƙe da makullan sashen ginin tangaran na wata makarantar horar da malamai da ke bayan ganuwa. Shi ke hura tanderu, shi ke leƙa 'yar kafa ya duba launin wuta, shi ke cewa a ƙara itace ko a janye. Baturen da ya kafa sashen ya tafi hutu ƙasarsu tun farkon daminar 1956, ya bar masa ɗalibai goma sha takwas, wasu ma sun girme shi. A jikin zoben makullansa akwai wata doguwar ƙusa a ɗaure. Da ita ake hudar, kuma ba ya ba kowa aronta sai yana tsaye a wurin.

Ran wata Laraba da hantsi, wani sabon ɗalibi mai suna Gwadabe ya ɗaga kaskonsa yana juya shi, ransa a ɓace.

"Malam, don Allah me ya sa muke ɓata kaya mai kyau da huda? Ko ruwa ba zai riƙe ba."

"Abin da ake so ke nan," in ji Isyaku. "Koren nan da kake gani, dutsen kwalli ne aka niƙa da garin tagulla. A cikin kwalli akwai dalma, wutar tanderunmu kuma ba ta da ƙarfin ɗaure ta. Ka zuba abu mai tsami a ciki, tsamiya ko nono ko lemo, sai ya riƙa lasar dalmar kaɗan-kaɗan, mai sha yana sha bai sani ba. In an huda, sai dai a dasa fure ko a rataya a bango."

"Kwallin da matanmu ke sawa a ido?"

"Shi. A idon ma ban yarda da shi ba, balle a ciki."

Ɗaliban suka yi dariya. Isyaku bai yi ba.

"Kafin ku zo akwai Audu, mai yi mana niƙa. Yana niƙa yana cin goro, ba ya wanke hannu. Da ciwon ciki abin ya fara, kamar ana murɗa masa hanji. Sai dasashinsa ya yi baƙin layi. Sai hannunsa ya saki daga wuyan hannu, ko ludayi ba ya iya ɗagawa. An yi wata biyu ana ɗura masa maganin tsutsar ciki. Ranar da likita ya gane dalma ce, aikin gama ya gama. Ni na yi masa wanka."

Gwadabe ya miƙo kaskon da hannu biyu, aka huda.

Abin da Gwadabe bai sani ba, babu ma wanda ya sani, shi ne mai dokar ya taɓa karya ta. Sau ɗaya tak, kuma saboda mace.

Hawwa sunanta, 'yar Alhaji Ramadan na Mandawari, jikan fataken Larabawa da suka zo daga Gadamas suka zauna a birni. Bazawara ce, mijinta ya rasu tana da shekara ashirin. Shekara biyu ke nan tana cewa ita Isyaku take so, shekara biyu uban yana cewa a'a. Sau biyu ana tura manya, sau biyu suna dawowa da goronsu. Alhaji bai ce Isyaku ɓarawo ba ne, bai ce mashayi ba ne. Cewa ya yi ba zai haɗa jini da ɗan 'Yardada maginiya, mai tallan tukwane a kasuwa ba. Ga kuma Jibrin, ɗan wan Alhaji, mai motocin ɗaukar gyaɗa guda biyu, kullum yana zauren gidan kamar an dasa shi. Alhaji bai tilasta mata Jibrin ba, amma ya rufe ɗaya ƙofar ya zauna yana jira ta gaji.

Wata huɗu da suka wuce Isyaku ya gina wani kasko da hannunsa. Bai taɓa yin mai kyansa ba. Da ya ɗora ƙusa a gindinsa sai hannu ya ƙi. Ya ce a ransa ai ado ne kawai, za ta ɗora shi a saman jerenta. Ya shafa koren ruwa, ya gasa, ya fito shar kamar ɗanyen ganye bayan ruwan sama. Ya ba ƙanwar ubansa, Goggo Asibi dillaliya, wadda ke shiga gidajen birni da atamfa, ya maimaita mata saƙo har sau uku: na kallo ne, kada a ci, kada a sha a ciki.

Daga nan ya kwantar da hankalinsa. Kuskuren ke nan.

Da la'asar ɗin wannan Laraba ya jingine kekensa a ƙofar gidan Goggo Asibi. Nan suke haɗuwa, ita ta zo da sunan duba zane, shi da sunan gaida goggonsa. Yana shiga zaure ya tarar da Hawwa a zaune kan tabarma, ta ja mayafi, amma mayafin ya kasa ɓoye murnar da ke fuskarta.

"Malam, zauna tukuna. Ina tsoron in faɗa maka kana tsaye."

Ya zauna.

"Baba ya yarda."

Ya dube ta, bai fahimta ba.

"Ya ce a turo manya jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci. Da bakinsa ya faɗa, a gaban Jibrin."

Isyaku ya sunkuyar da kai. Ya yi hamdala a hankali, ya sake yi.

"Me ya sauya masa ra'ayi?"

"Kaskonka." Ta yi 'yar dariya, hawaye na taruwa a idonta. "Ban gaya maka ba, ina jira in ga inda abin zai tsaya. Tun ranar da Goggo ta kawo shi ya gani a hannuna. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce kakarsa tana da irinsa sak, da shi ta ƙetaro hamada, a ciki take ba shi kunu yana yaro. Wallahi ban taɓa ganin Baba ya yi hawaye ba sai ran nan. Ya ce hannun da ya yi wannan ba abin rainawa ba ne."

"Sai ya mayar miki da shi."

"Ina! Ai ya ƙwace. Tun daga ranar ba ya shan kunun tsamiyarsa a komai sai a ciki."

Isyaku ya ji maganar kamar daga nesa take zuwa.

"Kunun me?"

"Tsamiya. Kullum da safe. Ka san Baba da tsami."

"Wata huɗu?"

"Har da 'yan kwanaki." Murnar fuskarta ta ragu. "Abin da ke damuna ɗaya ne, ba ya jin daɗi. Ina jin shi ya sa ya yi sauri, yana so ya ga na zauna. Ciki ke murɗa masa, har ya riƙa birgima. An kawo mai magani ya ba da jiƙo, saiwoyi da tsamiya da lemon tsami, a jiƙa su kwana. Shi ma ya ce sai a koren kaskonsa."

"Hawwa." Ya matso kusa. "Kin ga dasashinsa?"

"Dasashi kuma?"

"Akwai baƙin layi a gindin haƙoransa?"

Ta zuba masa ido. "Akwai. Mun zaci goro ne."

"Hannunsa fa?"

"Carbi ma faɗuwa yake daga hannunsa, na dama ya fi. Malam, yaya aka yi ka sani?"

Ya miƙe ya leƙa cikin gida ya kira goggonsa, da muryar da bai taɓa kiranta da ita ba. Ta fito tana gyara ɗaurin zane, bakinta ja da goro, da alama labarin Juma'a ya riga ya kai mata.

"Ango, ai sai ka bari in yi guɗa tukuna."

"Goggo, saƙon da na ba ki tare da kasko, kin isar?"

Ta ɗan kauda kai. "Wane saƙo?"

"Sau uku na faɗa miki."

"Haba Isyaku. Ni in shiga gidan Larabawa da kyauta a hannu, gidan da dama kallon banza suke mana, in buɗe baki in ce ga shi amma kada ku ci a ciki? Me za su ce? Su ce ɗan maginiya ya aiko da abin da shi kansa bai yarda da shi ba. Na ce musu abin ado ne mai daraja. Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Goggo."

Ya koma ya zauna, ya gaya musu komai. Kwalli, dalma, tsami, da Audu mai niƙa. Bai rage ba, bai sassauta ba. Yana magana fuskar Hawwa tana sauyawa, har ta kai hannu ta toshe bakinta.

"Ni nake dama masa," ta ce. "Da hannuna nake zubawa. Kullum ina zubawa ina murna, ina cewa yau ma ya tuna da kai."

"Ba laifinki ba ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kuka ya ƙwace mata. Ta yi mai isarta, sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta dube shi da jajayen idanu. "To shi ke nan. Yanzu zan koma gida in fasa shi. In ce suɓucewa ya yi. Zai yi faɗa, ya yi fushi kwana biyu, ya huce. Ba wanda zai sani."

"Haka za a yi," in ji Goggo Asibi da sauri. "Yarinyar nan ta fi ka hankali."

Isyaku ya girgiza kai. "Fasawa za ta hana ƙari. Ba za ta fitar da wadda ta riga ta shiga ba."

"Sai mu kai shi asibiti."

"Zai je?"

Duk Mandawari an san Alhaji Ramadan bai taɓa taka asibiti ba, yana cewa wurin da ake yanka mutum da rai ne.

"Ba zai je ba sai ya san abin da ke cinsa," in ji Isyaku. "In ma ya je, sai an gaya wa likita abin da zai nema, in ba haka ba a yi ta lalube kamar yadda aka yi wa Audu. Akwai magani, Hawwa, amma ba ya jiran mutum."

"To ka bari Juma'a ta wuce." Ta matso har gefen tabarma. "Kwana biyu ne. Ni zan hana shi sha, na rantse. A karɓi goro, a sa rana, sannan ka faɗa. In an sa rana kunya ba za ta bar shi ya warware ba."

"In Juma'a ta wuce za mu ce a bari a ɗaura. In an ɗaura mu ce a bari ki tare."

"Ba zan ce ba."

"Ni zan ce. Na san zuciyata, ita ce ta hana ni huda kaskon." Ya ɗago ya dube ta. "Audu ran Litinin yana zaune muna hira. Ran Laraba ya fara sanƙarewa. Ban san kwana nawa Alhaji yake da su ba, ke ma ba ki sani ba."

"Shekara biyu, Malam." Hawayen suka sake zubowa. "Shekara biyu ina jin gori a gidanmu. An ce na zubar da darajar kakannina. Matan 'yan'uwana in na shigo sai su fara maganar tukunya suna dariya. Duk na shanye saboda kai. Yau da Allah ya kawo ƙarshensa, kai da kanka za ka je ka rushe? Ka san abin da Jibrin zai yi da maganar nan? Cewa zai yi da gangan ka yi."

"Na sani."

"Ka san ba za a ba ka ni ba."

"Na sani."

"To don me?"

"Don ubanki ne. In ya mutu muna ɗaki ɗaya da ke, wace fuska zan riƙa kallonki da ita? Ke kuma wace za ki kalle ni da ita?"

Goggo Asibi ta tsugunna a gabansa ta riƙe bakin rigarsa. "Ka tuna uwarka. Tun jiya da ƙishin-ƙishin ɗin ya kai mata ta kasa zama, ta aika a nemo mata goro fari. Matar nan ta sha wulaƙanci a kan auren nan. Kuma ni, in aka ce wa ya kai kaskon, wane gida zan ƙara shiga a birnin nan?"

"Ba zan ambaci sunanki ba, Goggo."

Ya zare rigarsa a hankali ya miƙe. Hawwa ba ta ƙara roƙonsa ba. Ta haɗa kai da gwiwa tana kuka marar sauti, irin wanda ya fi ciwo. Ya fita daga zauren ya ɗauki kekensa.

Bai hau ba. Tura shi ya yi ta lungunan har Mandawari, yana kauce wa kwatoci, yana jin duk taku ɗaya kamar ana cire masa wani abu a ƙirji. Yana son yarinyar nan, so na haƙiƙa, kuma ya san da ƙafarsa yake tafiya ya rabu da ita.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya yi sallama a zauren Alhaji Ramadan. Tsohon yana kishingiɗe a kan darduma, an tokare shi da matasai, fari ne dogo amma ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Jibrin na gefe cikin babbar riga mai aiki. A tsakaninsu ga koren kasko, an rufe shi da faifai.

Isyaku ya cire takalmi ya durƙusa nesa.

"Matso mana," in ji Alhaji, yana murmushi. "Na ce a turo manya, sai ga ƙaramin ya kasa haƙuri. Matso, ɗana."

Shekara biyu Isyaku yana mafarkin jin wannan kalma daga wannan baki. Sai yau ta zo.

"Alhaji, ba maganar Juma'a ce ta kawo ni ba. Na zo in roƙe ka kada ka ƙara shan komai a kaskon nan. Shi ne ciwonka."

Murmushin ya tsaya. Jibrin ya gyara zama.

"Ban ji ba."

Isyaku ya maimaita. Ya yi bayani kamar yadda yake yi wa ɗalibansa, sai dai yau kansa a ƙasa yake. Da ya zo kan dasashi da hannu, Alhaji ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, a lanƙwashe, kamar ba nasa ba.

"Ka ji ko, Baba?" Jibrin ya miƙe tsaye. "Na faɗa tun farko, mutanen nan ba a cin abin hannunsu. Sau biyu ka kore shi, shi ne ya aiko maka da ajalinka a cikin kyauta. A kira 'yan doka. Gobe sai gaban alƙali."

"Zauna, Jibrin."

"Baba, guba ya ba ka."

"Na ce ka zauna." Alhaji ya juyo ga Isyaku. "Kakata ta sha a irin wannan har ta tsufa."

"Ban san wutar da aka gasa nata da ita ba, Alhaji. Na san tawa. In ka yarda a zubar da jiƙon, ka duba cikinsa."

Alhaji ya yi alama da kai. Isyaku ya ɗauki kaskon ya fita ya zubar a kwata, ya goge da hannun rigarsa, ya dawo ya ajiye a inda haske ke shigowa. Bayan kaskon yana nan shar yana ɗaukar ido. Cikinsa kuwa ya dushe, ya yi fari-fari da kaushi, daidai iyakar inda kunu ke tsayawa.

"Ranar da ya fito daga wuta, ciki da waje duk ɗaya ne," in ji Isyaku. "Sheƙin da babu a nan, yana jikinka."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya kai hannun hagu ya shafa wurin da yatsa.

"Ka san da haka ka aiko shi?"

"Na sani. A wurin aikinmu doka ce, duk koren kasko sai an huda shi don kada a ci a ciki. Ni ne mai tsaron dokar. Wannan ya yi mini kyau, na kasa. Na haɗa shi da saƙon baki cewa na kallo ne, saƙon bai iso ba."

"Wa ka ba saƙon?"

"Ba shi da laifi, Alhaji. Don saƙo yana ɓata a hanya aka ce a riƙa hudawa. Ni na ƙi."

"Ka ji ya amsa da bakinsa," in ji Jibrin.

Sai aka ji motsi a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Hawwa ce, ta biyo ta ƙofar baya, numfashinta bai ko daidaita ba. Ba ta shigo ba, a gidan nan mace ba ta sa baki a zauren maza. Amma ta yi magana.

"Baba, ka gafarce ni. Ɗazu ya san a ciki kake sha, daga bakina. Na ce masa zan fasa kaskon a ɓoye. Na roƙe shi da kuka ya yi shiru har Juma'a ta wuce. Ni 'yarka na roƙe shi, shi ya ƙi."

"Koma ciki, Hawwa," in ji Jibrin.

"Ba da kai nake ba, Yaya."

Alhaji Ramadan ya rufe ido. Wani murɗa ya taso masa, ya dafe ciki ya cije leɓe har ya lafa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya buɗe ido, ba Isyaku ya kalla ba.

"Jibrin, je ka kawo mota."

"Ina za mu?"

"Asibiti. Wannan zai bi mu ya gaya wa likita abin da ya zuba mini."

Jibrin ya fita yana huci. Alhaji ya juyo.

"Juma'a kada kowa ya zo mini gida."

"To, Alhaji."

"Ba zan karɓi goron mutumin da ya kwantar da ni ba, ina kwance. Mutane za su ce ciwo ya taɓa mini hankali." Ya numfasa. "Ban ce har abada ba, ban kuma ce akwai wata rana ba. In na tashi, zan zauna in auna wanda ya aiko kaskon da wanda ya zo yau, in ga wanne ya fi nauyi. In ban tashi ba, ka san wanda zai zama waliyyinta."

Isyaku ya sani. Wan Alhaji ne, uban Jibrin. A bayan ƙofa kukan Hawwa ya fito fili.

"Ina neman alfarma ɗaya, Alhaji. A ba ni kaskon in fasa."

"Kaskona ne. Ba za a fasa ba."

"To a bar ni in yi masa abin da ban yi ba."

Tsohon bai hana ba. Isyaku ya ciro makullansa, ya kwance ƙusar, ya kife kaskon a kan cinyarsa. Yumɓu ɗanye ƙusa ɗaya ake yi masa a wuce. Wanda ya sha wuta kuwa sai an yi ta murzawa. Ya ɗora tsinin a tsakiya ya fara juyawa, garin ja yana zuba a farar rigarsa, hawayensa na sauka a kai, bai tsaya sharewa ba. Babu abin da ake ji a zauren sai ƙarar ƙusa da kukan Hawwa.

Ana kiran magariba ƙusar ta faɗa ciki.

Ya miƙa kaskon da hannu biyu. Alhaji ya kai hannun dama don ya karɓa, hannun ya ƙi tashi. Ya dube shi, ya dubi Isyaku. A waje motar Jibrin ta tsaya.

"Ajiye shi can," in ji Alhaji. "Zo ka ɗaga ni."